Neman shawara: motata Subaru WRX STI tana cijewa idan zan sha kwana

Abban Khalil: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, domin kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Tun ina sakandare nake kallon bidiyon tseren daji, inda shuɗiyar Subaru mai rim ruwan zinare take tayar da ƙura, kuma tun lokacin na ƙudurta cewa in Allah ya hore mini sai na mallaki irinta. Shekara huɗu na yi ina tari, uwargida tana roƙona in sayi mota mai kujeru bakwai saboda yara, ni kuwa na toshe kunnena. Bara ƙanena da ke Amurka ya samo mini WRX STI ƙirar 2016 a wajen gwanjo, ta sauka Legas, na je da kaina na tuƙo ta har Kaduna. Injinta lita 2.5 ne mai turbo, ƙarfin doki 305, giya shida ta hannu, kuma tayoyin huɗu duka suna ja. A wata takwas na farko, idan na shiga kwana sai in ji kamar an liƙa ta da kwalta.

Wata biyu da suka wuce na faɗa rami a hanyar Zariya, aka gyara abin da ya lalace. Tun daga nan, duk lokacin da zan juya a hankali, kamar shiga gida ko yin fakin, sai ta cije tana karkarwa kamar an riƙe ta ta baya. Ranar Talata kuma ana ruwa na shiga shataletale da gudun da na saba, na murɗa sitiyari, hancinta ya ƙi bi, ta miƙe sai da ta kusa hawa dakali. Makanikina ya ce a cire farfelar da ke kai ƙarfi baya, ta koma jan gaba kawai. Shin in yarda?

Baban Ummi: Wa'alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Ɗan'uwa, ka sayar da ita tun tana da daraja ka sayi Corolla ka huta. Ni ma na taɓa sayen mai jan huɗu, wani makanike ya kwance mini ita ya ajiye a garejinsa wata bakwai, kullum ana jiran kaya daga waje, har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta.

Injiniya Sani: Malam Abban Khalil, kada ka bari kowa ya taɓa farfelar nan. Motar tana da na'ura a cikin akwatin giya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kashi 41 gaba, 59 baya, kuma idan aka cire farfela sai ƙarfin ya riƙa tserewa ta inda babu nauyi, faifan kulochin da ke cikin na'urar ya ƙone yana ƙoƙarin riƙewa. Amma ka ba mu tarihin sakandare ka tsallake abin da muke buƙata. Mene ne aka gyara bayan ramin? Wace lamba ce a jikin kowace taya? Sannan maɓallin DCCD da ke bayan sandar giya, wato mai sarrafa na'urar raba ƙarfin nan, a kan me ka ajiye shi?

Abban Khalil: Injiniya, tayoyin gaba biyu ne suka fashe, na sa sababbi. Na baya 245/40R18 ne kamar yadda ta zo, na gaba kuwa 245/45R18 na saya da gangan, saboda suna da kauri a gefe, kuma duk wanda yake bin hanyoyinmu ya san siririyar taya ba ta kare rim. Maɓallin kuma wani abokina ya ce Lock ya fi riƙe hanya da damina, don haka kullum na tayar da ita nake tabbatar da yana kai.

Injiniya Sani: To ai ka amsa tambayarka da bakinka. A kwana tayoyin gaba suna bin hanya mafi tsawo fiye da na baya, dole su fi su juyawa. Lock yana ɗaure gaba da baya su juya tare, wanda yake da amfani a yashi ko taɓo inda taya za ta iya zamewa, amma a kan kwalta babu inda bambancin zai fita, shi ne cijewar da kake ji a ƙofar gida. Shi ne kuma ya ƙara tura hancinta waje a shataletale, alhali dama injin yana zaune gaba da aksil, nauyi ya rinjaya can.

Batun taya ya fi damuna. Tsayin 245/40 kimanin milimita 653 ne, na 245/45 kuwa 678, bambancin santimita biyu da rabi ke nan. A kowane kilomita na baya suna juyawa sau 487, na gaba sau 470. Ko a miƙaƙƙiyar hanya motar tana ɗauka tayoyin baya suna zamewa, tana ta faman gyara abin da ba zai gyaru ba, man cikinta yana zafi. Wannan mota tana son tayoyi huɗu masu lamba ɗaya, iri ɗaya, waɗanda suɗewarsu ma ta zo kusa da juna. Kuma a cire tunanin cewa jan huɗu yana hana santsi. Yana taimakonka lokacin da ka taka totur, amma wajen birki da shan kwana, abin da ke riƙe ka da ƙasa wuri huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu ba, daidai da na kowace mota.

Garba Mai Tireloli: Ranka ya daɗe Injiniya, lissafinka ya yi, amma ban yarda ya koma 40 ba. Ƙasan motar nan bai kai santimita 13 daga ƙasa ba, tudun rage gudu ma gogarsa take yi. Ya ƙara 45 guda biyu a baya, huɗun su daidaita, ya samu tsayi. Ni haka nake yi wa ƙananan motocina, sai dai mai tayar da nake hulɗa da shi ya taɓa haɗa mini tsofaffi da ya goge da baƙin fenti, har yau ban yafe masa ba.

Injiniya Sani: Alhaji Garba, 45 za ta iya gogar jikin mota idan aka murɗa sitiyari ƙarshe, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi huɗu cikin ɗari, kuma kaurin gefen yana sa mota ta yi lanƙwasa a kwana. Wanda yake son tsayi ba wannan motar zai saya ba. Ban ma taɓo batun mai ba. Injin nan yana buƙatar fetur mai lambar inganci (octane) 91 a ma'aunin Amurka, wanda yake daidai da kusan 95 a ma'aunin da muke amfani da shi, kuma mai turbo idan fetur ya gaza, fistin ne yake biyan bashin.

Abban Khalil: Injiniya, wata goma nake shan man gidan mai ɗaya, inji bai taɓa yin tari ba, don haka a bar wannan. Na mayar da maɓallin kan Auto yau da safe, cijewar ta ragu sosai, ko da yake ina jin wani ɗan gurnani daga ƙasa idan na wuce 100. Amma tayoyin da na saya wata biyu kacal ba zan zubar da su ba, ballantana in koma gida in ce wa uwargida zan sake kashe kuɗin taya huɗu. Shawarar Alhaji Garba ta fi kama hankalina.

Injiniya Sani: Gurnanin nan shi ya kamata ya hana ka barci. Ka sa a zubo man akwatin giya a farin kwano, ka duba ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe, ka shinshina ko yana ƙauri, kafin ka sake hawa babbar hanya.

Baban Ummi: Ni dai na faɗa tun farko, Corolla.

Abban Khalil: Ranar Asabar ina da ɗaurin aure a Abuja, in na dawo zan duba man. Alhaji Garba, a ina zan samu 245/45 guda biyu masu kyau a Kaduna, ba wajen mutuminka mai fenti ba?