Makarantar ɗanka a Ingila za ta koma akadami? Ga abin da masana suka ce

Akadami makarantar gwamnati ce da ƙungiyar amintattu ke gudanarwa maimakon ƙaramar hukuma. Ra'ayin malamai da iyayen da suka tattauna batun ya zo ɗaya a kan cewa yaro ba zai ga wani canji a ranar farko ba. Karatu kyauta ne har yanzu, malaman su ne dai, kuma Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu a Ingila, za ta ci gaba da duba makarantar. Abin da ya sauya shi ne mai riƙe da akala. Bisa dokar akadami ta 2010, kuɗi na zuwa kai-tsaye daga gwamnatin tsakiya zuwa ƙungiyar amintattu, ba ta hannun ƙaramar hukuma ba.

A nan ne ake so iyaye su buɗe ido, domin amintattu na iya sauya kayan makaranta, lokacin tashi da ranakun hutu. Idan hutun ya saɓa da na makarantar ƙannen yaron, wahala ce babba. Ku nemi amsa a rubuce tun lokacin da ake jin ra'ayin iyaye kafin sauyin, ku kuma tambayi kujeru nawa aka ware wa iyaye a hukumar gudanar da makarantar, don makarantar da ta koma akadami ba ta dawowa hannun ƙaramar hukuma.

Ƙorafi kuwa wurin amintattu ake kai shi, sannan Ma'aikatar Ilimi. Amma yaro mai buƙata ta musamman da ke da takardar EHCP, wato tsarin tallafin karatu, lafiya da kulawa da aka rubuta masa, haƙƙinsa na nan a wuyan ƙaramar hukuma.