Neman shawara: haɗa loda a gaban tsohuwar Massey Ferguson 165

Ɗan Zango, Agege:

Assalamu alaikum. Ina da tarakta Massey Ferguson 165, cikin waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, mai injin Perkins silinda huɗu. Sana'ata taki: kashin shanu daga kara nan wajen Oko-Oba, kashin kaji daga gonakin Ikorodu, ina kai wa 'yan'uwanmu masu lambun alayyafo da latas a Ojo da hanyar Iba. Lodi da shebur yana cinye rabin yini, da damina kuwa takin ya jiƙe ya yi nauyi, yarana suna shan wahalar da ba na jin daɗin gani.

Na samu loda tokumbo, wato hannuwa masu bokitin kwasa da ake ɗaura wa tarakta a gaba, a Owode Onirin, da silinda biyu na ɗagawa, biyu na juya bokiti, da bawul mai liba biyu, amma duk tiyoyin an yanke su. Mai walda ya ɗaura firam ɗin, ya zauna daram. Saura haɗa man haidurolik da zai motsa silindojin. Wani makanike ya ce a jawo daga famfon taraktar, wani ya ce sai an sa famfo dabam a gaba. Wanne ne daidai, kuma yaya ake jera tiyoyin?

Baba Makanike, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, ɗana. Duka biyun suna aiki, amma ga irin sana'arka famfon gaba zan ce ka sa.

Famfon 165 yana zaune ne cikin giyabos, man giya yake sha, kuma don ɗaga garma a baya aka yi shi. Ƙarfi yana da shi, gudu ne babu: abin da yake turawa bai wuce lita 17 zuwa 18 a minti ba, shi ma sai ka taka wuta sosai. Mu ce faɗin cikin silindarka milimita 63 ne, tafiyarta 600. Kowace za ta sha mai kusan lita 1.9, biyun lita 3.7. Daƙiƙa 13 ke nan kafin bokiti ya kai sama, ban da juyewa, ban da saukowa. Matsala ta biyu kuma ta fi wannan ciwo. Famfon daga layin PTO, wato sandar da ke juya kayan aiki a bayan tarakta, yake samun juyi, in ka danne kulochi har ƙasa ya tsaya cak. Mai loda kuwa ƙafarsa ba ta rabuwa da kulochi: ka shiga tsibin taki, ka taka, ka ja liba, bokiti ya ƙi motsi.

Famfon gaba da karanshaf yake juyawa, muddin inji na aiki akwai mai. Nemi mai haƙora wanda ke ba da sisi 20 na mai a kowane juyi (sisi dubu ne lita ɗaya). A juyi 2,000 a minti zai ba ka lita 40 a minti, bokiti ya tashi cikin ƙasa da daƙiƙa 6. A matsin bar 170 (bar shi ne ma'aunin matsin mai) zai ci ƙarfin doki kamar 15, injinka zai ɗauka. Ana fito da sanda daga fulin karanshaf ta ramin da ke goshin tarakta, a sa kofulin mai roba a tsakani. Ka tsaya a kan mai walda sandar ta miƙe sak, in ta karkace ko kaɗan sil ɗin famfo ba zai yi wata ba. Sannan duba kibiyar da ke jikin famfon kafin ka biya kuɗi, akwai mai juyin dama akwai mai juyin hagu.

Jerin kuwa haka yake. Daga tanki zuwa bakin shan famfo, tiyo mai kauri, inci ɗaya zuwa ɗaya da kwata, mai waya a ciki don kada ya tsuke, gajere, tankin kuma ya ɗara famfo tudu. Daga famfo zuwa ramin bawul mai harafin P, tiyon rabin inci mai waya biyu. Daga ramin T ya bi ta filta ya koma tanki, bakinsa a nutse cikin mai. Ramukan A da B su ne na silinda. Bawul ɗin dole ya zama mai buɗaɗɗiyar tsakiya, wato in liba na tsaye mai yana wucewa tanki abinsa. Ka hura iska ta P, in ta fito ta T to shi ne. In mai rufaffiyar tsakiya ne, famfon haƙora zai yi ta turawa a bango har man ya tafasa.

Mai Alayyafo, Ojo:

Baba, a gafarce ni, ba kowa ke da kuɗin famfo da tanki ba a wannan marra. Tawa Massey Ferguson 135 ce, da famfon ciki nake aiki. Akwai ɗan murfi mai kusoshi biyu a gaban kujera, a kan marfin haidurolik. Shi aka cire aka ɗora bawul ɗin zaɓi, na sa libar tarakta a wurin da famfo ke turawa ba tsayawa, man da ya dawo kuma ya koma giyabos. Ina cire giya in saki kulochi sannan in ɗaga. Nawa dai akwai, amma takin lambuna nake kwasa, ba na sauri.

Baba Makanike, Idi-Araba:

Gaskiyarka, ga mai kwasar bokiti goma a yini ya wadatar. Shi Ɗan Zango tifa yake cikawa, direba na tsaye a kansa. Kuma ka lura, duk ƙurar da sandar silinda ta jawo cikin mai, a giyabos ɗinka take ƙarewa.

Oga Tiyo, Mushin:

Ni matse tiyo nake yi kusa da Ladipo. Alhaji Ɗan Zango, in za ka zo, ciro bawul ɗin da silinda ɗaya ka taho da su. Zaren da ake murza bakin tiyo a kai iri-iri ne: kayan Ingila zaren BSP ne, na Amurka JIC ko NPT, na Jamus mitirik. BSP da NPT na rabin inci suna kama juna zagaye biyu uku, mutum ya ɗauka ya dace, ya ɗaure da ƙarfi ya fasa bakin bawul. Farin tef na masu gyaran famfon ruwa ma kada ya kusanci wurin, gutsurensa ke toshe bawul, wosha mai roba ake sawa. Auna tsawon kowane tiyo sau biyu, loda na ƙasa da kuma yana can sama.

Ina roƙonka abu ɗaya saboda yaran nan naka. Kada wanda ya shafa tiyo da hannu yana neman yoyo. Man da ke fita ta ƙaramin huji a matsin bar 170 yana huda fata kamar allura, ciwon ba ya nuna girma a farko, amma in ba a kai asibiti an yi aiki cikin sa'o'i kaɗan ba ana rasa yatsa. Kwali ake karawa. Kuma kowa ya bar ƙarƙashin bokiti in yana sama.

Ɗan Zango, Agege:

Allah Ya saka da alheri, famfon gaba zan sa. Baba, na hura iskar ta fito ta T. Akwai wata ƙusa mai hula kusa da P, ita ce ta rage matsi? Tanki lita nawa, wane mai?

Baba Makanike, Idi-Araba:

Ita ce, kuma kada a taɓa ta sai da geji a layin P. Ka kai silinda ƙarshenta, ka riƙe liba daƙiƙa biyu, ka karanta, a tsayar tsakanin bar 150 da 170. A hakan kowace silinda tana tura wajen tan biyar, ƙari a kai aksul ɗin gaba zai karya maka. Tanki lita 40 ko sama, da murfi mai numfashi da ruwan sama ba ya shiga, ka san daminar Legas. Man haidurolik mai lamba 68 ya fi dacewa da zafinmu. Ka rataya rabin duro cike da kankare a hannuwan baya, in ba haka ba tayoyin baya za su yi ta sulɓi a caɓin kara, sitiyari kuma ya yi tauri. Ranar tayarwa ka cika famfon da mai tukuna, ka bar inji a silo, ka ɗaga ka sauke bokiti ba kaya har iska ta fita, sannan ka ƙara mai a tanki.