Manyan lasifika biyu ko ƙanana shida? Shawara kan cikin masallaci

Abu Hafsat: Assalamu alaikum. Mun gama ginin masallacin unguwa, tsawo mita 15, faɗi mita 10, silin mita 4. Ƙasa da rabin bango duk tayil ne. Mai haɗa kaya ya ce mu sayi manya biyu masu inci 15, wani kuma ya ce ƙanana shida a jera a bango. Ƙahon waje muna da shi. Jibi kwamiti zai fitar da kuɗi.

Ɗan Layi: Wa alaikumus salam. Ku sa ƙahon TOA, har bayan gari za a ji.

Abu Hafsat: Malam, na ciki nake tambaya.

Injiniya: Alhaji, matsalarku tayil ce, ba ƙarancin ƙarfi ba. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. Daga mihrabi zuwa bangon baya ya dawo mita 30 ne, kusan kashi 9 cikin 100 na daƙiƙa, kuma jinkirin da ya wuce kashi 5 kunne na jinsa a matsayin murya ta biyu. Ka ƙure manya biyu daga gaba don sahun baya su ji, sahun farko su kurmance, bango ya mayar da sauran. Kuma inci 15 don ganga aka yi ta. Ita kuwa magana, haruffa irin su sinun da shinun suna can sama da haz 2,000 (haz shi ne ma'aunin kaurin sauti ko siririntarsa). Ƙanana shida, uku kowane gefe, tsayin mita 2.5, a karkatar da su ƙasa wajen kawunan mutane, kowace a hankali. Makirufo ya kasance bayansu, a yanke duk sautin da ke ƙasa da haz 120.

Mai Kiɗan Biki: Injiniyan takarda ke nan. Mu da muke ɗaukar kaya kullum mun san ƙaramar sifika ba ta cika ɗaki.

Ɗan Layi: To tarawihi za su yi ko kamu?

Baban Umma: Ƙanana shidan nan su suka ci kuɗin wani masallaci a layinmu. Mai haɗin ya ƙulla shida masu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) a waya ɗaya, nauyin ya sauko kusan om 1.3, alhali amfilifayar om 4 take ɗauka. Ta yi zafi ta ƙone ana tsakiyar huɗuba. Ya ce laifin wuta ne, ya karɓi kuɗin sabuwa, ya maimaita haɗin, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Yanzu ko waya ba ya ɗauka, ma'aji ake zargi da cin kuɗin jama'a, bawan Allah har ya daina zuwa sahun gaba.

Injiniya: Baba, laifin haɗi ne. A sayi masu taransifoma na layin bolt 100. Kowace a saita ta wat 10, jimilla 60, amfilifaya mai wat 120 ta ɗauke su ba wahala.

Baban Umma: Wancan mai haɗin ma injiniya yake kiran kansa.

Abu Hafsat: Nawa ɗaya take yanzu?

Ɗan Layi: Dubu 35 aka faɗa min.

Mai Kiɗan Biki: Wannan kwali ce da sitika. Ta gaske ba ta yi ƙasa da dubu 80 ba. Ɗaga ta ka ji nauyin maganaɗisu, kada ka bi wat 2,000 da aka rubuta a jiki.

Injiniya: Kafin ku sayi komai, a shimfiɗa kafet mai kauri, a rataya labule mai ninki a bangon baya. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiya. Idan ƙarar ta daɗe fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi, ɗakin ne ke buƙatar kuɗin.

Baban Umma: Duk a banza in ba a sa wa akwatin amfilifaya kwaɗo ba. Ladan ya zo ya murɗa, mai wa'azi ya murɗa, yara su ƙarasa. Kuma wa ya ce a haɗa ƙahon waje da na ciki a maɓalli ɗaya? Karatun asuba duka a kan masu jinya da jarirai.

Ɗan Layi: Namu ma idan aka tayar da janareta sai gurnani ya rufe muryar liman. Sitabilaiza na maganin wannan?