Muhawara: Ana iya auna kwanciyar hankalin yaro da takardar tambayoyi?

Malamar aji huɗu, Tudun Wada: Assalamu alaikum. A taron malamai da iyaye an kawo shawarar a riƙa raba takardar tambayoyi ƙarshen kowane zango, don a gane yaron da hankalinsa ke kwance, da wanda ke cikin damuwa, da kyawawan halayen kowa. Ni na ce ba zai yi aiki a wurinmu ba. Ɗan Bahaushe ko zazzaɓi na kaɗa shi, ka ce "yaya jiki?" zai ce "da sauƙi". To ka tambaye shi ko yana jin daɗin rayuwa, malami na tsaye a kansa, me zai ce in ban da "lafiya lau"?

Ɗalibar nazarin halayyar ɗan Adam: Wa'alaikumussalam Malama. Gaskiyarki kan yaro, kuma masu wannan aikin sun san haka. Ma'aunin da ake kira SDQ, wato takardar tambayoyi kan ƙarfi da matsalolin yaro, wanda Robert Goodman, likitan ƙwaƙwalwar yara a Ingila, ya fitar a 1997, yaro ba ya cika shi da kansa sai ya kai shekara 11. Ƙasa da haka, malami da iyaye ne ke cikawa. Tambayoyi 25 ne, kuma kan abin da ido ke gani: yana yawan kukan ciwon kai ko ciwon ciki? Yana raba abinsa da sauran yara? Ya fi son wasa shi kaɗai? Amsa uku ce: ba haka ba ne, haka ne kaɗan, tabbas haka ne. Na kyawawan halaye kuma, Christopher Peterson da Martin Seligman a Amurka sun lissafa guda 24 a 2004, ciki har da gaskiya, godiya, yafiya, tawali'u da kamun kai.

Tsohon hedimasta, Unguwar Sanusi: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, amma ina kunya a lissafin? Ina kara da kawaici? Yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban malami, ba ta ɗaga murya, mu tarbiyya muke gani. Wanda ya haddace takarda bai san gidajenmu ba, zai rubuta mata tsoro. Na biyu, ku tuna 2017, lokacin Malam Nasiru El-Rufai, da aka yi wa malaman firamare na Jihar Kaduna kusan 33,000 jarrabawa, 21,780 suka faɗi, aka sallame su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ka miƙa wa malami takarda ka ce ya rubuta yara nawa ke cikin damuwa a ajinsa, wallahi zai ɗauka shi ake aunawa. Kowa zai fito lafiya ƙalau.

Ɗalibar nazarin halayyar ɗan Adam: Baba, kan kunya na sallama, dole sai mutanenmu sun zauna sun gyara tambayoyin, fassara kaɗai ba ta isa ba. Batun tsoro kuma maganinsa kada sakamakon ya shiga fayil ɗin malami ko katin sakamakon yaro.

Baban 'yan biyu, Rigasa: Ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ya faru a gidana. Bayan sace 'yan makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun, watan Maris na 2024, ɗaya daga cikin tagwayena ya fara ciwon ciki kullum da safe. Yana aji uku lokacin. Sai ya sa kayan makaranta, ya ɗauki jaka, ya durƙusa bakin ƙofa yana riƙe da ciki. Asabar da Lahadi garau yake. Mun ba shi maganin tsutsa har sau biyu. Rannan na daka masa tsawa na ce ƙarya yake, har yau abin na damuna. Goggonsa ce ta zaunar da shi tana tsince shinkafa, a hankali ya ce mata yana tsoron masu babura su zo ajinsu. A rediyo ya ji labarin, muna zaune tare, ban ma lura yana saurare ba. Da wani ya tambaye ni "yana yawan kukan ciwon ciki?" ya kuma gaya mini abin da hakan kan iya nufi, da ban ɓata makonni ba.

Malamar aji huɗu, Tudun Wada: Allah sarki. Allah ya ƙara masa lafiya, Malam. Amma lura, Goggo ce ta gano, ba takarda ba.

Baban 'yan biyu, Rigasa: Amin Malama. Sai dai ba kowane yaro ke da irin wannan Goggon ba.

Malamar aji huɗu, Tudun Wada: Wannan haka yake. To ga inda gizo ke saƙa. Yara 84 ne a rajistata. Sau 25, amsa 2,100 ke nan. Na san na gaba da masu ƙiriniya, na tsakiya kuwa wasu sai na duba suna. Waɗanda ban sani ba zan cika musu "haka ne kaɗan", alhali shiru-shirun nan su ne abin dubawa. Kuma in takarda ta nuna yaro na cikin damuwa, wa zai karɓe shi? Ba mu da malamin ba da shawara. Ka ce wa uwa ta kai ɗanta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, gobe ta cire shi daga makaranta, ta ce an kira ɗanta mahaukaci.

Tsohon hedimasta, Unguwar Sanusi: Yauwa. A fara nemo mai karɓar yaron tukuna.

Ɗalibar nazarin halayyar ɗan Adam: Baba, in aka jira haka, waɗannan yaran sun gama aji shida. Malama, ko yara goma kawai, waɗanda kika fi rashin sani. Ki sa musu ido mako biyu kafin ki cika, uwa ma ta cika nata a gida, a kwatanta.

Malamar aji huɗu, Tudun Wada: Ban yarda a raba wa makaranta duka ba, kuma haka zan faɗa a taro. Goma ɗin zan gwada. Akwai wata yarinya a benci na ƙarshe kusa da taga, lokacin tara ba ta fita, sai ta kifa kai a tebur ta ce kanta ke ciwo. Tun farkon zango nake ce mata ta sha ruwa. Ranar Litinin zan aika a kira mini mahaifiyarta.