Yarona mai ADHD ba ya son kaya su taɓa masa jiki, sangarta ce ko daga ƙwaƙwalwa ne?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum, dan Allah jama'a ina neman ƙarin bayani. Yarona shekararsa 8, bara likita ya ce yana da ADHD, matsalar nan ta rashin nutsuwa da kasa tsaida hankali waje ɗaya. To yanzu maganar kaya ce ta ishe ni wallahi, kullum da safe sai mun yi daru akan yunifom, ɗan ƙyallen nan da ake ɗinkawa a bayan wuyan riga wai yana cizonsa, safa kuma in ɗinkin ya zauna masa kan yatsu sai ya tuɓe ya jefar, ranar sallah sabuwar shadda mai sitaci kuka ya dinga yi har muka dawo daga idi. Aski kam sai an riƙe shi. Amma shekaranjiya ya dawo daga ƙwallo gwiwa na jini bai ma sani ba sai da na nuna masa. Kakarsa ta ce ni na sangarta shi. Ya abin yake ne?

Ɗan Barnawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba sangarta ba ce, ana yawan ganin haka a yara masu ADHD. Kin ga fata ba ita ke yanke hukuncin abin da mutum zai ji ba, ita dai saƙo take turawa, ya bi jijiyoyi ya shiga laka ya hau wani waje a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, shi kamar mai gadi ne a bakin ƙofa, daga nan ya wuce wani ziri a saman ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa ta jiki ke da nata gurbin. Yanzu haka da ɗankwali a kanki amma sai da na faɗa kika tuna da shi ko? Saboda ƙwaƙwalwa in abu ya daɗe yana taɓa jiki kuma ba cutarwa sai ta rage masa murya. Wannan ragewar ce ba ta tafiya daidai a wasu yaran, ƙyallen wuyan nan yadda ya ji shi ƙarfe bakwai haka zai ji shi ƙarfe goma, ga malami na bayani a gaban allo, wanne zai saurara.

Akwai sinadarin GABA da ke aiki kamar birki a ƙwaƙwalwa. A 2012 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna shi suka samu ya yi ƙasa a yara masu ADHD a yankin da ke kula da motsi da jin taɓi, sai dai yaran da aka gwada ba su da yawa. Maganar gwiwa kuma ba ta ci karo da wannan ba, hankalinsa ne duk ya tafi kan ƙwallo, kuma inda hankali ya karkata nan saƙo ke ƙarfi.

Ummu Sultana:
Ni kaina haka na taso, sai da na shiga jami'a aka gane ADHD ce. Na sha duka akan kitso, mai kitso na ja ina jin kamar ana zare min jijiya, a ce min rakin banza. Har yau leshi ba na iya sa shi sai da shimi mai laushi a ciki, kuma mutum ya shafe ni a hankali a kafaɗa ba zato tsigar jikina tashi take, amma a rungume ni da ƙarfi ko in lulluɓa da bargo mai nauyi sai in ji na samu nutsuwa. Dan Allah Maman Haidar kar a dake shi, da gaske yake jin abin.

Baban Yusra:
Ni dai zan ƙara da cewa kar a ɗora komai kan ADHD. Ki duba wuyan nasa da kyau ko akwai ƙuraje ko bushewar fata, balle yanzu da hunturu. Sannan ƙin taɓi ba ya cikin alamomin da likitoci ke ƙirgawa wajen tabbatar da ADHD, a wajen otizim ne yake ciki, wato matsalar nan da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, kuma yaro ɗaya yana iya haɗa biyun, don haka ki faɗa wa likitansa duk abin da kika rubuta nan. Tawa ƴar mun yanke ƙyallen rigunan gaba ɗaya, safa muna juya mata ita bai-bai ɗinkin ya koma waje, sabon kaya sai an wanke sau biyu sitacin ya fita. Mai aski ma ki ce ya gwada almakashi, wani lokacin ƙugin injin ne a bayan kunne.

Maman Haidar:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yau na juya masa safar, ya sa takalmi ya fita ba ko tsaki, ni na tsaya ina kallonsa. Ranar Talata muke da ganin likita zan yi masa maganar otizim ɗin. Ummu Sultana bargon naki wane iri ne, na Haidar mara nauyi ne kuma duk dare sai ya dawo gadona ya cusa kansa ƙarƙashin filo.