Baƙar takarda ko tiren ruwa: wanne zan ba ɗalibai?

Malamar_Fiziks: Assalamu alaikum. Mako mai zuwa 'yan aji ɗaya za su zana layukan da boltejinsu yake ɗaya, su fitar da filin lantarki (ƙarfi da alkiblar turin lantarki a kowane wuri) daga ciki. Na rasa zaɓi tsakanin baƙar takardar nan mai kabon, wadda lantarki ke bi ta cikinta, da tiren ruwa. Batir mai bolt 9 gare ni da mitocin awon bolteji biyu, babu AC (lantarkin da ke juya alkibla gaba da baya). Waɗanda suka taɓa yi, ku taimaka.

Injiniya77: Tire, Malama. Ki sa AC bolt 6.

Malamar_Fiziks: Injiniya, ai na ce babu AC.

Tsohon_Ɗalibi: Kada ki kuskura ki sa batir a ruwan gishiri. Ni aka yi wa. Muna cikin awo kumfa ta lulluɓe ƙarafan da muka jona da batir a cikin ruwan, wurin da na karanta bolt 4, kafin in ɗiga alama ya zama wani abu daban. Awa uku! Ƙarshe layukana biyu suka gitta juna. Mai maki ya rubuta cewa wuri ɗaya ba ya zama da bolteji biyu, ya ba ni sifiri. Gaskiyarsa, amma abin da mita ta nuna na zana. Na kusa da ni ko waya bai taɓa ba, ya kwafi zanen littafi, ya cinye.

Injiniya77: Gishirin ka cika. Ruwan famfo ya isa.

Mai_Kula_da_Lab: Ko da ruwan famfo, batir zai kawo wannan matsala, sai dai a hankali. Malama, ɗauki takarda. Ki sa sandunan ƙarfe biyu a jere, ki jona su da batir, santimita 9 tsakaninsu, a tsakiya kowace santimita za ta ba ki wajen bolt 1, wato bolt 100 a kowace mita. Inda layuka suka matsu, nan fili ya fi ƙarfi, kuma layin fili kan digiri 90 yake ratsa su. Ki dai danne ƙarafan sosai, in suka yi sako-sako bolteji a bakinsu zai zube.

Injiniya77: Mai share lab ne zai koya mana lantarki?

Mai_Kula_da_Lab: Mai share lab ne ke kwashe ruwan da irinku suka zubar.

Ɗan_Baya: Ku tambayi tsuntsun kan wayar wuta, ƙafafunsa biyu kusan bolteji ɗaya, bai taɓa rubuta rahoto ba.

Tsohon_Ɗalibi: Shi aƙalla ba a rage masa maki. Don Allah, me ya sa ake hukunta wanda ya rubuta abin da ya gani? A gefen sanduna dole layi ya lanƙwashe, amma sai a ja maka jan biro.

Ɗan_Baya: Namu ya fi ciwo. Mu biyar a rukuni, ni kaɗai na yi awo, huɗun suka zo sa hannu.

Malamar_Fiziks: To takardar, sau nawa ake iya amfani da guda ɗaya?

Ɗan_Baya: Ɗaya daga cikin huɗun ma ya ce in sa sunansa a sama.