Neman shawara: da wane noti zan ɗaura sabon manifol a Civic?

Mai Civic: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Honda Civic ƙirar 1998 mai injin D16. Manifol ɗin salansarta, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga kan inji, ya tsage, sai na sayi irin mai bututu huɗu ɗin nan na sitenles da ake kira hedas. An haɗo shi da gasket, wato fallen da ake sawa tsakaninsa da kan inji don hana yoyo, da wasu bol masu ƙyalli, babu ko lambar da ke nuna ƙarfinsu a kansu. Makanikina ya ce a cire tsofaffin sitod, wato bol marasa kai masu zare gaba da baya, a ɗaura da waɗannan, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Don Allah masu sani a taimaka, ranar Asabar za a yi aikin.

Oga na Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ajiye bol ɗin nan gefe. Kan injin motarka alminiyam ne, zarensa ba ya jure a yi ta ɗaurawa ana kwancewa. Sitod sau ɗaya ake shigar da shi ya zauna, daga nan duk wahalar ta koma kan noti, wanda idan ya lalace sai ka canza shi da kuɗi kaɗan. Idan zaren kan inji ne ya cinye, sai an huda an sa sabon zare, wani lokacin ma sai an sauke kan gaba ɗaya. Sitod ɗin injinka M8 ne, wato mai kaurin milimita 8, tazarar zare milimita 1.25, guda tara. Wanda tsatsa ba ta ci ba kuma bai lanƙwashe ba, a bar shi a wurinsa. Wanda za a canza, a jiƙa shi da man kwance tsatsa tun daren Juma'a, kada a fizge shi ya karye a ciki.

Baban Amira: Ni dai sitenles na sa a tawa saboda tsatsa, kuma har yau ban ji ƙara ba. Ban ga laifinsa ba.

Injiniya: Baban Amira, sitenles suna suka tara. Wanda aka rubuta wa A2-70 ƙarfinsa bai kai na ƙarfe mai lamba 8.8 ba, balle 10.9. Ga shi ya fi buɗewa idan ya ɗauki zafi, kuma notin sitenles a kan sitod na sitenles yakan cije ya ƙi gaba ya ƙi baya. Akwai na kamfanin ARP da aka ƙera don wannan aikin, suna da kyau sosai, sai dai tsada, kuma jabu ya yi yawa. Wanda babu lamba a kansa kuwa ba ka san me ka saya ba.

Mai Civic, abin da ya fi damuna shi ne noti. Hayaƙin da ke fita ta nan yakan haura digiri 700 a ma'aunin Celsius. Noti mai roba a ciki zai narke, washa mai tsaga za ta saki, gam ɗin zare mai ruwan shuɗi shi ma ba ya kai labari a wannan zafin. Ka nemi noti mai kulle kansa wanda duk ƙarfe ne, mai faffaɗan gindi, irin mai ruwan tagulla. Sababbi, ba waɗanda aka kwance ba. A shafa man hana cijewa kaɗan a zaren, a fara ɗaurewa daga tsakiya ana fita gefe da gefe, zagaye biyu ko uku. Awon ƙarfin ɗauri na kamfani 31 Nm ne a busasshen zare, idan an shafa mai sai a ɗan rage. A yi da sifana mai awo, ba ƙarfin damtse ba.

Mai Civic: Na gode ƙwarai. To gasket ɗin da ya zo a kwali fa? Kamar kwali ne mai ƙyalli.

Oga na Ƙofar Ruwa: Nemi na Honda mai fallen ƙarfe hawa-hawa, ya fi wancan nesa ba kusa ba. Kafin a ɗaura, a ɗora rula ta ƙarfe a fuskar hedas ɗin, domin walda takan murɗe ta, kuma fuskar da ba ta miƙe ba babu notin da zai hana ta yoyon hayaƙi. A duba kaurinta kuma. Idan ta fi tsohon manifol siranta, noti zai iya ƙure zare bai matse komai ba, sai a sa washa mai kauri. Sannan kada a yar da maƙalin da ke riƙe bututun ta ƙasa da bol masu sifirin, su ne ke ɗauke girgiza a hanyoyinmu. Idan babu su, nauyin salansa duk a kan sitod yake sauka.

Injiniya: Idan ka hau ta kwana biyu ko uku, ka koma da sassafe injin na sanyi a sake bin notocin tara da sifana mai awo. Idan ka ji tas-tas lokacin tayarwa ko ka ga baƙin hayaƙi a gefen gasket, ka koma tun kafin lokacin.

Mai Civic: Allah ya saka da alheri. Gobe zan shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da tsohon noti ɗaya a hannu don a gwada zare.